Gida a Kano, Kwana a Kubwa: Yadda Haraji Ya Bi Baffa Bayan Ya Ba da Gidansa Haya

Wata ranar Talata a tsakiyar Disambar 2023, bayan la'asar, Baffana ya kira ni daga Abuja, ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba. Alat ya shigo masa, amma kuɗin ba su cika ba. An yi ciniki da wani kamfanin rarraba magunguna a kan gidansa na Kano, naira miliyan 2 da dubu 400 a shekara, za a biya na shekara biyu a dunƙule, miliyan 4 da dubu 800 ke nan. Abin da ya faɗo asusunsa kuwa miliyan 4 da dubu 320 ne. "Dubu 480 sun yi ɓatan dabo, ɗana," in ji shi. "Dillalin nan ne. Tun ranar da na ga ba ya iya haɗa ido da ni na san ba za a rabu lafiya ba."

Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri ku turo mini takardar da kamfanin ya haɗo da kuɗin." Da ta iso, sai ga layi ɗaya a can ƙasa da bai kula da shi ba. Dillali bai taɓa ko kwabo ba. Kamfanin ne ya riƙe kashi 10 cikin 100 a matsayin haraji. Daga wannan layin aka fara wata doguwar magana da ta ɗauke mu fiye da shekara biyu, kuma ita nake son in shimfiɗa a nan, saboda ma'aikata da yawa suna cikin irin halin da Baffa ya shiga ba su sani ba.

Baffa ƙanin mahaifina ne, ma'aikacin wata hukumar gwamnatin tarayya. Ya haura shekara ashirin a ofishinsu na Kano kafin a mayar da shi hedkwata a Satumbar 2023. Gidan da ya bari mai ɗaki huɗu ne da falo, wanda ya fara ginawa a 2012 bai gama ba sai 2017, da kuɗin adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata. A ciki aka yi sunan autarsa. Da canjin wurin aiki ya zo, sai ya kwashe iyali gaba ɗaya suka kama ɗaki biyu da falo a Kubwa a kan naira miliyan 2 a shekara. Lissafinsa mai sauƙi ne, kuma kowa ma haka zai yi: hayar Kano ta riƙa biyan hayar Abuja, ɗan abin da ya rage a yi cefane. Ni kuwa aikin akanta nake yi, shi ya sa duk wata takarda mai lambobi a gidanmu hannuna take ƙarewa.

Cirewar da kamfanin ya yi doka ce ta ɗora masa. Kamfani ko ma'aikatar gwamnati da ke biyan wani kuɗin haya, wajibi ne ya zare kashi 10 tun daga tushe ya kai wa hukumar haraji da sunan mai gidan. Ɗan haya na yau da kullum, malamin makaranta ko ɗan kasuwar Kwari da ya kama gida don iyalinsa, ba a ɗora masa wannan nauyin ba. Wannan ne ya sa masu gidajen haya da yawa a Kano suke tsufa ba su taɓa ganin an zare musu komai ba, har suke ɗauka kuɗin haya ba ya cikin abin da ake biya wa haraji. Yana ciki, ko wane ne ɗan hayar. Bambancin kawai shi ne idan kamfani ne, sunanka da adadin kuɗin sun riga ka isa ofishin haraji. Kuma wannan kashi 10 ba shi ne harajin duka ba ga mazaunin Najeriya. Kafin alƙalami ne. Sai an yi lissafin shekara za a ga ko ya wadatar ko da ciko.

Da na ambaci ciko sai Baffa ya yi tsalle ya dire. "Wace riba na ci da za a ce da ciko? Na karɓi miliyan 2 da dubu 400 da hannun dama, na miƙa miliyan 2 da hannun hagu. Ba ni na ce a ɗauke ni daga Kano ba. Da ina gidana, wa zai zo ya ce mini haraji?"

Maganar tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma dokar harajin kuɗin shiga ba haka take kallon lamarin ba. A wurinta, ranar da ka miƙa makulli ka karɓi kuɗi, gidan ya tashi daga wurin kwananka ya koma hanyar samu, kamar shago ko motar haya. Abin da take yarda a cire daga kuɗin hayar shi ne abin da aka kashe domin samar da wannan kuɗin hayar kawai: gyaran gidan, ladan dillali, inshorar gidan, harajin fili. Hayar da kake biya a inda kake kwana kuwa hidimar kanka ce da iyalinka, ajinta ɗaya da kuɗin abinci da kuɗin makarantar yara. Ko da Baffa bai ba da gidan Kano haya ba, sai ya biya na Kubwa, don haka doka ba ta ganin wata igiya da ta ɗaure su. Ba a cire ɗaya daga ɗaya.

A ganina wannan hukuncin ya yi tsauri a kan ma'aikacin da aka yi wa canjin wuri ba da zaɓinsa ba. Mutumin da ke da gida goma yana karɓar haya yana kwana a na goma sha ɗaya, da mutumin da ke da gida ɗaya tak ya bar shi dole, bai kamata a auna su da mudu ɗaya ba. Na faɗa wa Baffa haka, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba. Sai dai rashin gamsuwa da doka bai taɓa rage wa kowa abin da ake bin sa ba.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin fushinsa da sai daga baya na gane. Baffa yana yaro lokacin da ake bin gida-gida ana karɓar harajin kai da jangali, ya ga yadda magidanta ke ɓuya a rumbu idan dakarun dagaci sun shigo gari, kuma yana tuna murnar da aka yi a 1979 da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a Kano. Ga mutanen zamaninsa kalmar haraji ba ta da daɗin ji. Na albashi yana jure shi ne saboda bai taɓa riƙe kuɗin a hannu ba, tun kafin su iso an zare. Amma a ce ya ɗauki kuɗi daga asusunsa da kansa ya kai, a kan gidan da ya gina da guminsa, wannan ya taɓa masa wani tsohon miki. Ya kuma kawo maganar zakka, cewa ai yana fitarwa. Na ce zakka haƙƙin Allah ce a kan abin da ya kai nisabi ya shekara a hannu, tana da masu cinta da aka ambata. Haraji kuwa na hukuma ne, ɗaya ba ta ɗauke ɗaya. Wannan bai yi gardama a kai ba, ya fi ni sani.

To, wa za a biya? Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne muka fi shan wahala.

Kowa zai ɗauka tunda gida yana Kano, harajinsa na Kano ne. Harajin fili da ake biyan jiha duk shekara da kuɗin da ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gine-gine, waɗannan kam suna nan inda gidan yake. Amma harajin kuɗin shiga mutum yake bi, ba gini ba. Dokar da ke aiki a lokacin, ta 1993 da aka yi wa babban gyara a 2011, ta ce jihar da mutum yake zaune a ranar 1 ga Janairu ita ke da harajinsa na wannan shekarar baki ɗaya, albashi da haya da duk wani samu. Ta kuma fayyace abin da take nufi da wurin zama: wurin da ke hannunka don amfanin kanka da iyalinka a wannan ranar, ban da otal ko masaukin baƙi. Gidan da ka ba wani haya ba ya hannunka, ko da sunanka ne a takardar fili. Idan ma'aikaci yana da wurin zama biyu, kamar wanda ya bar uwargida a Kano ya tafi da amarya, wanda ya fi kusa da wurin aikinsa shi ake ɗauka.

A farkon 2024 da farkon 2025 duka Baffa yana Kubwa, saboda haka Hukumar Tara Haraji ta Babban Birnin Tarayya, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke da haƙƙi a kansa. Da a Mararaba ya kama gida kamar yawancin abokan aikinsa, da jihar Nasarawa ce. Da a Suleja ne ko Madalla, da jihar Neja ce, ko da kullum a tsakiyar Abuja yake wuni. Sojoji da 'yan sanda da jami'an ma'aikatar harkokin waje kuwa, waɗanda su ne ma suka fi kowa barin gidajensu, nasu na hukumar haraji ta tarayya ne duk inda aka kai su. Haka ma wanda ya bar ƙasar gaba ɗaya ya koma Saudiyya ko Ingila da zama: hayar gidan da ke Najeriya ba ta kuɓuta daga harajin Najeriya, sai dai shi kashi 10 ɗin da aka zare yakan zama shi ne ƙarshen magana.

Ga inda ƙullin ya ɗaure. Kamfanin ya biya kuɗin ne a Disambar 2023. A ranar 1 ga Janairun 2023 Baffa yana Kano, don haka a idon doka mazaunin Kano ne har ƙarshen wannan shekarar, duk da ya tashi tun Satumba. Akantan kamfanin ya duba, ya ga lambar harajin Baffa ta Kano ce, sai ya kai dubu 480 ɗin Hukumar Tara Haraji ta Jihar Kano. Ba za a ce ya yi kuskure ba. Amma kuɗin hayar na 2024 da 2025 ne, kuma doka ta ce hayar da aka biya gaba ana shimfiɗa ta a kan lokacin da ta ƙunsa, kamar kullum ake samun ta kaɗan-kaɗan, matuƙar bai wuce shekara biyar ba. Ke nan samun ya faɗa shekarun da Baffa yake na Abuja, kafin alƙalamin kuwa yana Kano. Bambancin mako biyu ne ya jawo wannan. Da an jinkirta biyan zuwa makon farko na Janairu, da komai ya tafi wuri ɗaya.

Wasu abokan aikinsa sun ba shi shawarar a bar kaza cikin gashinta. An riga an zare wani abu, Abuja ba ta san da gidan ba, wa zai tona? Na hana, ba don tsoron kamu kaɗai ba. Baffa yana da niyyar neman fili a Abuja, kuma duk harkar fili da hukuma sai da takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Fam ɗin da ake cikawa yana tambayar duk hanyoyin samu, mutum ya sa hannu cewa gaskiya ya faɗa. Mai shekara kusan sittin, saura ƙiris ya yi ritaya da sunansa fes, ba zan sa shi ya sa hannu a kan ƙarya saboda kuɗin da bai kai na ragon layya biyu ba.

A Fabrairun 2025 na je Kubwa muka zauna lissafin 2024, domin mutum yana da zuwa 31 ga Maris ya miƙa bayanin samunsa na shekarar da ta wuce. Hajiya, matar Baffa, ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara cike da takardu ta zazzage a kan tabarma. Akwai rasit na gaske mai hatimin shago, akwai wanda aka rubuta a bayan kwalin ashana, akwai takardar mai gyaran famfo da ruwa ya jiƙa har tawada ta malale. Muka riƙa warewa ɗaya bayan ɗaya.

Kuɗin hayar shekara miliyan 2 da dubu 400. Dillali ya karɓi kashi 5 cikin 100 daga wajen Baffa, dubu 240 na shekara biyu, rabon 2024 dubu 120. Ruwan Agusta ya ɗaga kwano biyar a ɗakin baya ya lalata silin, sokawe ta cika aka kwashe, injin jan ruwa ya ƙone aka naɗe shi: waɗanda muka samu shaidarsu sun kama dubu 250. Harajin fili da na ƙaramar hukuma dubu 30. Jimilla dubu 400, saura miliyan 2 cif.

Sai Baffa ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, wadda ya keɓe saboda ita ce babba. Kafin kamfanin ya shiga, ya gindaya sharaɗin a haƙa rijiyar burtsatse a sa sola, aikin ya ci miliyan 1 da dubu 900. "Wannan fa don su na yi," ya ce. "Cire ta, ka ga ai babu sauran riba." Na ce, "Baffa, wannan ba za ta shiga ba." Gyara shi ne mayar da abu yadda yake a da: kwano ya tashi ka mayar, fenti ya koɗe ka sake. Abin da babu shi a da ka kawo, wanda zai daɗe yana ƙara wa gidan daraja, wannan jari ne, ba a cire shi daga hayar shekara. Ranarsa tana zuwa, ranar da za a sayar da gidan. Ya daɗe yana kallon takardar kafin ya mayar da ita aljihu.

Albashinsa a shekara miliyan 7 da dubu 200 ne. A tsohon tsari matakan haraji suna farawa daga kashi 7 a kan dubu 300 na farko, suna hawa har kashi 24 a kan duk abin da ya haura miliyan 3 da dubu 200. Albashin kaɗai, bayan an cire fansho da rangwame, ya riga ya kai shi matakin ƙarshe. Wannan shi ne abin da ma'aikata ba sa lura da shi: kuɗin haya ba ya farawa daga ƙasan tsani, a kan albashi ake ɗora shi, don haka a mataki mafi tsada yake sauka. Tsohuwar dokar tana ba da rangwamen kashi 20 a kan samu, sai miliyan 2 ta koma miliyan 1 da dubu 600. Kashi 24 na wannan shi ne dubu 384. An riga an zare dubu 240 na wannan shekarar. Ciko dubu 144.

Yanzu a duba abin da ya rage masa a zahiri. Ya karɓi miliyan 2 da dubu 400, hidimar gida ta ci dubu 400, haraji dubu 384, saura miliyan 1 da dubu 616. Hayar Kubwa miliyan 2. Mutumin da ya ɗauka zai samu rarar dubu 400 ta cefane, ashe giɓin dubu 384 ne zai cike daga albashi, ban da kuɗin rijiya da sola. Da ya ga lambar a rubuce sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe ni nake ciyar da gidan."

Cikon bai ba mu wahala ba, an biya ta banki. Dubu 240 ɗin ne suka ja lokaci, domin ba a yarda da cewa an zare maka sai da shaidar cewa an kai. Kamfanin ya yi ta jan ƙafa wajen ba mu rasit ɗin, akantan da ya yi aikin ya bar wurin, wanda ya gaje shi bai san inda fayil yake ba. Sai da na je ofishinsu sau uku. Da rasit ya fito muka haɗa shi da yarjejeniyar haya da takardar canjin wurin aiki da wasiƙar bayani, muka nuna dalilin da ya sa kuɗin suka tafi Kano. Doka ta tanadi hanyar warware saɓanin wurin zama tsakanin jihohi ta hannun hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, amma namu bai kai can ba, takardun sun wadatar. Daga fara nema zuwa kammalawa wata biyar.

A gefe guda akwai harajin hatimi a kan takardar yarjejeniyar. Masu karatu za su tuna hayaniyar da aka yi a tsakiyar 2020 da aka ji cewa za a karɓi kashi 6 a kan kuɗin haya, kafin hukumar tarayya ta fayyace cewa kashi 6 na yarjejeniyar da ta haura shekara 21 ne, wadda ba ta kai shekara bakwai ba kashi 0.78 ne. A kan miliyan 4 da dubu 800 bai kai dubu 38 ba, kuma kamfanin ne ya biya. Na dage a buga hatimin saboda mai gidan da ke nesa da gidansa ba shi da wani makami sai takarda, idan rigima ta kai kotu.

Ana cikin haka ƙasa ta sauya dokokin harajinta. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokoki huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, tsarin harajin kuɗin shiga da ke cikinsu ya fara aiki 1 ga Janairun 2026. Dubu 800 na farko babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, daga nan 21, 23, har kashi 25 a kan abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen nan na kashi 20 a kan samu, aka kawo sabo da ya shafi Baffa kai tsaye: wanda ke biyan haya zai cire kashi 20 na hayar da ya biya a shekara, amma kada ya wuce dubu 500, kuma sai ya bayyana ainihin abin da ya biya.

Da na karanta masa wannan a waya sai ya ce, "To ka ga sun dawo maganata." Sun dawo, amma da kashi ɗaya cikin biyar. Mai gidan Kubwa ya ƙara haya zuwa miliyan 2 da rabi, kashi 20 ɗinta dubu 500 daidai, bakin iyaka ke nan, duk ƙarin da za a yi masa nan gaba ba zai ƙara rangwamen ba. A matakin kashi 18 da yake ciki, abin da dubu 500 ɗin ke sauke masa dubu 90 ne. Gidan Kano kuma an sabunta a kan miliyan 3. Idan hidima ta sake cin dubu 400, miliyan 2 da dubu 600 za su hau kan albashi a kashi 18, dubu 468 ke nan. Idan aka ɗebe dubu 300 da kamfanin ya zare, ciko dubu 168. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta kuma tsaurara tarar ƙin miƙa bayanin shekara: dubu 100 a watan farko, dubu 50 kowane wata bayansa. Wanda ya yi sakaci wata uku, tarar ta fi cikon Baffa.

Ina ganin iyakar dubu 500 ta yi kaɗan ga Abuja da Legas, inda hayar ɗaki biyu a bayan gari ta riga ta cinye ta. Duk da haka wannan ne karo na farko a shekarun nan da hayar da ma'aikaci ke biya ta samu gurbi da sunanta a lissafin harajinsa, kuma ya sa Baffa, wanda bai taɓa neman rasit a wajen mai gidansa na Kubwa ba, yanzu ba ya biya sai ta banki.

A sabuwar yarjejeniyar mun gyara abu uku da suka ba mu ciwon kai. Biya na shekara ɗaya-ɗaya ne, a cikin Janairu. An rubuta adireshin Kubwa da lambar harajinsa ta Abuja a jikin takardar, da sunan hukumar da za a kai wa abin da aka zare. An kuma sa sharaɗin kamfanin zai miƙa rasit ɗin cikin kwana sittin. Lauyan kamfanin bai yi musu ba ko kaɗan.

Tsugune ba ta ƙare ba, domin a bara wani ya taya gidan miliyan 45, Baffa ya fara tunanin ya sayar ya sayi ƙarami a Abuja ya huta da haya. Nan ma barin gidan yana da farashi. Doka tana yafe harajin ribar sayarwa a kan gidan da yake shi ne mazaunin mutum na ainihi, tare da filinsa da bai wuce eka ɗaya ba. Da Baffa ya sayar a 2023 yana fitowa daga ciki, da babu mai tambayarsa komai. Yanzu kuwa akwai yarjejeniyar haya mai hatimi da rasit na haraji da ke shaida cewa wani ne ke kwana a ciki tun 2024, kuma duk shekarar da ta ƙaru hujjarsa ta cewa mazauninsa ne tana ƙara rauni. A da harajin ribar sayar da kadara kashi 10 ne. A sabon tsari ribar mutum tana bin matakan harajin kuɗin shiga, waɗanda ke kaiwa kashi 25. Ba a kuma la'akari da faɗuwar darajar naira: miliyan ɗaya ta 2012 da miliyan ɗaya ta yau duk ɗaya ne a takarda, alhali buhun simintin da ya saya a lokacin ya ninka sau da yawa. Ɓoye cinikin ma ba mafita ba ne ga gida mai takardar mallaka, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da ita sunan wani.

Ribar da za a yi wa lissafi ita ce kuɗin sayarwa a ɗebe abin da aka kashe wajen saye da gini da ingantawa. Nan takardar rijiya da sola za ta yi amfani. Amma gidan da aka gina a shekara biyar, yau buhu goma, gobe tipar yashi, jibi bulo ɗari biyu, wa ya ajiye rasit? Baffa yana cewa ya kashe wajen miliyan 11 har da fili. Da na tambayi shaida, sai Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani littafin makaranta mai bango ja, wanda gefensa ya naɗe. Ashe tun ranar da aka haƙa tushe take rubuta duk abin da ya fita, da kwanan wata, wani wurin da boko wani wurin da ajami, saboda kuɗin adashinta ma suna ciki. Muka kwana biyu muna tarawa. Abin da littafin ya nuna miliyan 7 da dubu 300 ne, ban da kuɗin fili, wanda takardar cinikinsa ke wajen yayan Baffa a Kano.

Baffa ya dakatar da maganar sayarwa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, kuma ya ce idan wa'adin kamfanin ya cika a lokacin zai karɓi makullinsa ya koma. Na ɗauki hoton littafin Hajiya shafi-shafi na ajiye a kwamfuta, na asalin kuma an sa shi cikin leda tare da takardar fili.